Garken Goggo Kubura

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Goggo Kubura a Gwallaga, kuma ba wata doguwar katanga ba ce. In na kifa turmi na taka, har cikin madafarta nake gani. Saboda haka babu abin da ya taɓa faruwa a gidan nan ya wuce ni, kuma ba na jin kunyar faɗa. Sunana A'i. Tun ina amarya na tarar da ita a nan, siririya, doguwa, mai magana ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya shiga gidanta yau zai ga tsakar gida daɓe da siminti sumul, sai wuri ɗaya a tsakiya, faɗin tabarma, da yake ƙasa zalla. Baƙi kan tambaya ko simintin ne ya ƙare wa magini. Ba ta ba su amsa, ni ce dai na san dalili.

Goggo ba ta da yawan magana da mutane. Da kaji kuwa bakinta ba ya rufuwa. Kuma ba ta taɓa kiran su kaji ba, "shanuna" take cewa, ba da wasa ba. Kowace da sunanta irin na shanun Fulani: fara Raneye, baƙa Ɓaleye, ja Woɗeye, in launi ya maimaitu a haɗa da sunan uwa. Ga mace da kunya ta hana ta kama sunan ɗanta na fari, sai dai "kai" ko "yaron nan", amma ta tsaya ta jero miki asalin kaza har kaka da kakanni. Nakan leƙa da safe in ce, "Goggo, an yi tatsa kuwa yau?" Ita kuma ta ɗauko ƙwai, ta ƙwanƙwasa shi da farce tukuna, sannan ta miƙo mini ta kan katanga ta ce, "Ga nonon, A'i. Namu da ƙwaryarsa yake zuwa."

Sai da muka daɗe tare sannan ta gaya mini mafarin abin. A ruga ta tashi, can bayan Inkil, lokacin wurin duk daji ne da gonaki. Ranar sunanta mahaifinta Hammawa ya ba ta karsana kamar yadda suke yi, karsanar ta yi ta haihuwa a cikin garkensa har Goggo ta yi aure. Tana goye da ɗanta Bakari shekarar da ciwon bushiya ya shigo wa shanu. Ta ce da ƙaramin abu ya fara: saniya ɗaya ta tashi da hawaye a ido, ta ƙi cin ciyawa, daga nan sai zawo. Mahaifinta ya yi abin da makiyayi ke yi in ya tsorata. Ya ware waɗanda yake ganin lafiyarsu ƙalau, ya kora su rugar ƙanensa don su tsira. Ashe ciwon yana cikinsu. Garke biyu suka ƙare, nasa da na ƙanen, kuma har suka koma ga Allah 'yan'uwan nan biyu ba su ƙara cin tuwo a kwano ɗaya ba.

Da komai ya lafa, tsohon ya fita wata rana da ƙwaryar tatsa, ya dawo babu ita, sai budurwar kaza fara a hammatarsa. Ya ajiye ta a gaban Goggo ya ce, "Ga saniyarki. Ki yi haƙuri da ni." Da wannan kaza ta shigo gari lokacin da mijinta ya sami aikin gadi. Mijin ya rasu, mahaifin ya rasu, wanta Hammadu ya zauna a Inkil ya kama noma. Ita kuwa duk kazar da ta taɓa yin kuka a gidanta jinin farar nan ce. Ba ta sayarwa, ba ta yankawa sai babban baƙo ko suna, shi ma zakara.

Bakari ya tashi ya zama birkila, kuma yaro ne mai son uwarsa. Da matarsa Sauda ta haifi Habibatu, yarinyar ta fara rarrafe tana cusa duk abin da ta samu a baki, sai ya ce ba zai yi ta gyara gidajen mutane nasu yana ƙura ba. Ya daɓe tsakar gidan nan kaf da siminti, daga bakin zaure har bayan madafa, bai bar ko tafin hannu ba. Mu maƙwabta muka yi ta shiga kallo. Goggo ta ji daɗi ƙwarai, ko da yake abin da ta iya ce masa shi ne, "To, Allah ya yi albarka." Kajin ba su damu ba a lokacin, don da gari ya waye sukan bi ta rariyar da ke gindin katanga su fice lungu, su wuni suna tonon juji da gindin tsofaffin gine-gine, su dawo da yamma.

Ana haka murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan. Wanda ya ga shekarar bai manta ba. Rediyo ba ta da wani zance sai shi. Aka ce an shiga manyan gonakin kaji da fararen kaya da takunkumi, an kashe dubbai an binne. Aka ce tana kama mutum, kuma in ta kama yaro da wuya ya tashi. Masu shayi suka daina soya ƙwai, mai tsiren kaji na bakin titi ya koma sayar da rake. Sanarwa ta ce kowa ya killace tsuntsayensa kada su cuɗu da na waje. Goggo ba ta jira an maimaita ba, ta ɗauko bulo ta toshe rariyar. Tun daga ranar kajinta ba su ƙara taka ƙasa ba. Dusa da tsabar dawa take watsa musu a kan siminti, su tsince tas, su tsaya suna kallon ta.

An ɗan kwana biyu a haka, wata safiya na ji ta kira ni. Ba ta saba kira na ba, ni ce mai leƙe. Na taka turmi na same ta tsaye da hannu biyu a haɗe.

"A'i, duba mini wannan. Idona ne ko kuwa?"

Ƙwai ne, amma babu ɓawo. Wata 'yar fata ce kawai ta riƙe shi, yana rawa a tafinta kamar ƙullin mai a leda, ana hango gwaiduwar a ciki. Na sa yatsa na taɓa, ya lotsa ya dawo, da ɗuminsa. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma a kwanakin ne aka yi ta cewa a gonakin da abin ya faɗa wa, da irin wannan ƙwai ya fara nuna kansa. Ban san gaskiyar zancen ba, amma na ji, kuma na ga a fuskarta ita ma ta ji.

Na ce, "Goggo, ai kajin nan garau suke. Dubi zankon zakaran can, ja wur. Suna ci, suna sha."

Ta ce, "Waɗanda Baba ya kora ma garau suke a ido."

Ta je ta jefa shi a masai, ta wanke hannu da toka har sau nawa, ta roƙe ni kada in gaya wa kowa. In unguwa ta ji, masu fararen kaya za su zo, kuma ba za su tambayi wace ce 'yar wace ba. Na yi mata alkawari. Amma daga ranar na hana 'ya'yana shiga gidan, na ce musu Goggo ba ta jin daɗi. Ita ma ba ta ƙara miƙo mini ƙwai ba, kuma ba mu taɓa yin zancen dalili ba.

Abin bai tsaya a ɗaya ba. Yau Ɓaleye, gobe 'yarta, jibi Woɗeye. Wani ya zo da ɓawo sirif wanda yatsa ke fasawa, wani babu ko kaɗan. Ba ma a akurki suke sakawa ba, ko'ina ya zo musu sai su yar, wani lokaci suna tafiya. In ya fashe su taru a kansa su cinye har fatar. Sai kuma suka kama saran gindin bango, suna ɓantarar farar ƙasar da aka shafa, har suka yi wa bangon zane daga wannan kusurwa zuwa waccan. Goggo ta ce ciwon ya fara taɓa musu kai.

Ta yi musu maganin da ta sani. Makiyayi in dabba ta canza masa, kanwa yake fara ba ta. Ta daka kanwa ta zuba a ruwan shansu, da ta ga babu sauƙi ta ƙara. Kajin suka kama zawo. Ranar da ta ga wannan a kan simintin ɗanta, ta zauna daɓas a bakin ƙofa. Na yi mata magana ba ta ji ni ba. Ba kajin take gani ba, rugar mahaifinta take gani, na tabbata.

Ni kaina barci ya ƙaurace mini. Iska ɗaya muke shaƙa da gidan nan. In autana ya yi tari sai gabana ya faɗi. Sau da yawa na ɗauki mayafi da niyyar zuwa wajen mai unguwa, in kai zaure in dawo. Ina tsoron ciwon, ina kuma tsoron ranar da zan haɗa ido da ita.

Wata rana da la'asar na ga ta fito da hijabi, hannunta ɗaya a ciki, hijabin yana motsi. Ta tare ɗan acaɓa ta hau. Ba ta dawo ba sai gab da magariba, kuma da ta dawo ita ta fara zuwa bakin katanga.

"Na kai Raneye ƙarama wurin Hamma," in ji ta. Haka take kiran wanta Hammadu. "Ita ce ta fi kama da ta farko. Na ce ya ajiye ta a kangon bayan gida, nesa da nasa."

"To ai shi ke nan, ko ɗaya ta tsira."

Ta dube ni ta ce, "A'i, ba ki gane ba. Abin da Baba ya yi na yi. Ina sane, da ƙafata na kai. Gidan nan cike yake da jikokinsa."

Na ce ta koma ta ɗauko ta mana. Ta ce in ciwo ne ai ya riga ya sauka. Tun daga ranar ta kasa cin abinci sosai. Ta tsorata da kajin da ke gabanta, ta tsorata da wadda ta kai, kuma ba ta iya rabuwa da ko ɗaya.

Abin da ya yanke maganar da hantsi ya faru. Sauda tana wanki, Goggo ta shiga ɗaki ɗauko wani abu, Habibatu tana rarrafe a simintin da aka yi dominta. Wata kaza ta yar da ƙwan nan a gabanta. Kafin kowa ya ankara yarinya ta damƙe shi ya fashe, ta kai hannu baki. Da na leƙa saboda salatin Sauda, gwaiduwa ce har kumatu, yarinyar tana dariya. Aka wanke mata baki, aka sake wankewa. Sauda ba ta san komai game da ƙwayayen ba sai ranar, don Goggo na riga kowa tsincewa. Sauda ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki ta saki labule.

Washegari Habibatu ta tashi jikinta kamar garwashi.

Bakari ya kai su asibiti, aka ba su gado aka ɗebi jini. Wajen azahar ya dawo ɗaukar kaya, ya tarar da uwarsa zaune a tsakar gida, wuƙa a gefenta.

Ta ce, "Me suka ce?"

"Ba su faɗa ba tukuna, Inna. Sai sakamako ya fito."

"Kai, ɗauko gudumarka da diga."

Ya gane nan take. Ya durƙusa a gabanta ya ce ta bari a ji daga bakin likita, ko a kira masu duba dabbobi su gani. Ta ce wanda ya jira ya ga ƙarshen bushiya bai tsira da ko maraƙi ba. Ya ce to bari ya zuba su a buhu ya kai bayan gari. Ta ce babu abin da zai ƙara fita daga gidan nan ya je ya sami 'ya'yan wasu, ta yi sau ɗaya ya isa. A nan za a binne su, kuma da zurfi.

Babu ƙasa a gidan, sai ya fasa aikinsa. Ina tsaye a kan turmi ina kallon sa yana dukan simintin da ya shafe da hannunsa, gumi na zuba, bai ɗaga kai ba. Ya yi rami har ƙugunsa. Ni na ɗauka za a sha fama kafin a kama su. Ina. Goggo ta ɗebo dusa a ƙwarya ta yi kiran nan nata na kullum, wani ɗan sauti da ake yi wa shanu, suka sheƙo a guje suka kewaye ƙafafunta. Ta riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi sunan kowace da na uwarta, ta miƙa masa. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, har na kusa faɗowa daga turmin. Da aka gama ya mayar da ƙasa, ta sa ya zazzage toka da ragowar farar ƙasar shafe a kai.

Sannan ta ce, "Ka je Inkil. Ka ce wa Hamma ya yanka Raneye ya binne, kada a ci. Ka duba mini yaran gidan da idonka."

Ya je ya dawo ya ce yara lafiya, kuma kawunsa ya ce ya ji.

Zazzaɓin sauro ne ya kama Habibatu. Aka yi mata allurai, ba a jima ba aka sallamo su tana ta ƙiriniyarta. Duk muka yi hamdala. Bakari bai taɓa ce wa uwarsa "da kin jira" ba, Allah ya yi masa albarka. Amma hankalin Goggo bai kwanta ba. A ganinta yarinyar Allah ne ya kare, ciwon kuwa yana nan, kuma ita ta kai shi Inkil. Ko sallama aka yi a zaure sai ta zabura ta dafe ƙirji. Gidan ya yi tsit, babu cara babu kyarkyara, har ni da nake ƙorafin sun hana ni barcin rana na rasa abin da ke mini daɗi. Ta rame, idanunta suka faɗa. Ta ce mini kullum tana ganin an shigo an ce mata yaran Hamma sun kwanta.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Bakari ya kawo siminti a kwano zai toshe wurin da ya fasa. Yana cikin kwaɓawa aka yi sallama, muryar Hammadu. Mutumin da sai ya shekara bai shigo gari ba. Goggo ta miƙe, ta koma ta zauna. Ya shigo da kwando a rufe da tsumma, dogo kamar ita, fuskarsa ba ta nuna komai.

Ko gaisuwa ba ta bari sun gama ba. "Hamma, wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu."

"Yaran?"

"Suna gona."

"Kajinka?"

"Sun ishe ni da ɓarna, in kina so in ba ki." Ya zauna a tabarma ya sa hannu a aljihu. "Saƙonki ya iso. Na ɗauki wuƙa na je kangon, na dube ta, ban ga abin yankawa ba. Na ga ciwo a rayuwata, Kubura, tare muka gani. Wannan ba ciwo gare ta ba. Tun da kika ajiye ta take cin ƙasa kamar mai ciki. Tsohon bango, toka, ƙashin da aka ƙona, bawon katantanwa, babu abin da ta bari. Ƙwan farko da ta saka mini ruwa ne a fata. Na bayansa da ɗan dama. Wannan na jiya ne."

Ya ɗora mata ƙwai a tafin hannu. Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta sa farce ta ƙwanƙwasa, har daga kan katanga na ji ƙarar.

Hammadu ya yaye tsumman, Raneye ta yi tsalle ta fito. Ta tsaya ta karkata kai tana duban gidan. Ba ta nufi akurki ba, ba ta nufi kaskon ruwa ba. Kai tsaye ta tafi wurin nan da aka fasa, ta hau kan ƙasar, ta tona da ƙafa, ta kama tsattsagar farar ƙasar da aka zuba a kai.

Na ga idon Goggo ya bar kazar ya bi gindin bango, inda suka yi ta sara har suka yi zane, ya tafi har kan bulon da ta toshe rariya da shi.

"Ƙasa suke nema," ta ce a hankali. "Suna ta gaya mini."

Hammadu ya dubi akurkin da babu kowa, ya dubi wurin da kazar ke tono, sai a lokacin ya gane abin da ke ƙarƙashi. Ya sunkuyar da kai yana salati.

Goggo ta tashi, ƙwan na hannunta, ta je ta janye bulon da kanta. Bakari yana tsaye da cokalin gini, simintin na neman bushewa a kwano. Ya ce, "Inna, in rufe?"

"Bar shi haka."

Da yamma, bayan Hammadu ya tafi, na ji motsinta a tsakar gida na taka turmi. Ta fito da dusa cike da ƙwarya, yawan da ta saba ɗebowa. Ta yi kiran nan nata, ta jero sunayen duka kamar kullum, Ɓaleye da 'ya'yanta, Woɗeye da nata, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ɗaya ce ta zo.